Rubutun da ke Jikin Injin Yanka

A maɗaba'ar, tun daga mai gadi har zuwa manaja, Bajapane ake kiransa. Shekara ashirin da biyu da suka wuce, lokacin da mai wurin ya sayo injuna uku na hannu daga Japan, shi aka tura can kwas na mako shida domin ya ga yadda ake sarrafa su. Ya dawo da jaka mai taya, da ƙamus a cikin kwali, da kalmomin da ba su kai arba'in ba, rabinsu gaisuwa ce. Da Turanci aka yi kwas ɗin daga farko har ƙarshe. Wannan bai faɗa wa kowa ba, babu kuma wanda ya tambaye shi. Mutane suka ɗauka ya iya Japananci, shi kuwa ya bar su a kan haka, domin abin ya yi masa daɗi.

A cikin injunan uku akwai na yankan takarda, mai wuƙa da ta kai tsawon hannu, da babbar ƙafar ƙarfe da ke juyawa a gefensa. Wanda aka ɗora a kansa wani siririn mutum ne mai yawan raha, a lokacin ana kiransa Mai Yanka. A makon farko ya nuna wani ɗan allon ƙarfe rawaya da aka kafe a kusa da wuƙar, mai layi uku na rubutu, ya ce, "Bajapane, me mutanenka suka ce a nan?"

Ma'aikata huɗu ko biyar suna tsaye suna jiran amsa. Bajapane ya sunkuya, ya yi ɗan jim kamar mai karatu, sannan ya miƙe.

"Sunan kamfani ne da adireshinsu. Talla ce kawai."

Bayan shekara uku, wata ranar Talata da hantsi, takarda ta maƙale a ƙarƙashin wuƙar. Mai Yanka ya danna maɓallin tsayarwa kamar yadda aka koya masa, ya sa hannun dama zai zaro ta, wuƙar ta sauko. Yatsu biyu suka tafi. Kowa ya ce ganganci ne, shi ma da bakinsa ya ce ganganci ne. Da ya warke aka mayar da shi sashen ɗinkin littattafai, sunansa ya koma Takwas, kuma shi ne ya fi kowa yin dariya da sunan.

"Duk wurin nan na fi ku saurin yanke farce," in ji shi. Idan ana ƙirga kwalaye aka wuce takwas, sai ya ce wani ya ara masa biyu.

Tun daga ranar, shekara goma sha tara ke nan, Bajapane bai sake duban allon nan ba. Idan aiki ya kai shi wajen injin, ta ɗaya gefen yake zagayawa. Bai san abin da aka rubuta ba; mai yiwuwa ne ma da gaske adireshi ne. Da wannan "mai yiwuwa" ya yi ta kwana yana tashi. Daga baya wayoyi suka zo waɗanda ake haska rubutu da su su fassara nan take, kuma akwai irin wannan waya a aljihunsa. Ya gaya wa kansa cewa tun da da sunan karatu ya yi ƙaryar, da idonsa ya kamata ya karanta. A wani lungu na zuciyarsa kuwa ya san cewa hanyar da ta fi tsawo ya zaɓa don kada ya isa.

A farkon shekarar da zai yi ritaya, manaja ya tara su ya ce an sayi sabon injin yanka, tsohon kuma 'yan gwangwan za su zo su kwashe shi nan da wata shida. Takwas ya ce a bar masa wuƙar ya rataye a ɗaki, ai surukarsa ce, ta karɓi sadaki tun tuni. Aka yi dariya. Bajapane ma ya yi, amma ranar bai iya cin abincin rana ba. Idan injin ya tafi, tambayar ta tafi da shi, kuma ya ga sarai cewa rabin zuciyarsa murna take yi. Wannan murnar ce ta ba shi tsoro.

Ya fara da littafin koyon harshe. Shafi uku yake yi barci ya kwashe shi. Wata Asabar, yana wucewa ta layin masu sayar da tsofaffin kayan lantarki, ya ga wani faifan wasa a cikin kwando, da hoton jirgin ƙasa a bayansa. Mai shagon ya ce, "Baba, wannan ba zai yi maka ba. Shekara biyu yana nan, duk wanda ya ɗauka sai ya dawo da shi. Ko kalma ɗaya babu ta Turanci a ciki."

"Shi nake so," in ji Bajapane.

A gida akwai akwatin wasan da babban ɗansa ya bari a saman kabad lokacin da ya yi aure ya tashi. Bajapane ya kakkaɓe shi, ya jona da talabijin ɗin falo. Matarsa, wadda ta yi shekara talatin tana koyarwa kafin ta ajiye alli, shi ya sa har shi ma Malama yake ce mata, ta tsaya a ƙofar kicin da tsumma a hannu.

"Ikon Allah. Wasan da ka yi ta zare wa yaron nan ido a kansa?"

"Karatu zan yi."

"To, Allah ya ba da sa'a. In an tashi tara a faɗa mini in kawo maka ruwa."

Wasan na tuƙin jirgin ƙasa ne. Babu harbi, babu dodanni. Mutum yana zaune a kujerar direba, layin dogo na miƙe a gabansa, aikinsa shi ne ya tashi a kan lokaci ya kuma tsaya daidai kan farin layin da ke dandamalin kowace tasha. A kusurwar allo akwai wani mai jarrabawa da hula da farar safar hannu, wanda ba ya murmushi. Duk abin da zai faɗa yana fitowa a rubuce a ƙasa, kuma wasan ba ya ci gaba sai an yi abin da ya ce.

Wannan ne ya kama Bajapane. Littafi yana barin mutum ya juya shafi ko bai gane ba. Mai farar safar hannu ba ya bari. Kwana huɗu jirgin bai motsa daga tashar farko ba, domin akwai wani abu da ake so ya jira kafin ya saki birki, shi kuwa bai san mene ne ba. Ya tsayar da wasan, ya kwafe jimlar da fensir a littafin rubutu, ya ciro ƙamus ɗin nan daga kwalinsa. Da ya buɗe shi sai da bayansa ya yi ƙara, don ba a taɓa buɗe shi ba. Ya koyi ƙirga zanen kowane harafi kafin ya nemo shi. A rana ta biyar ya gane: fitilar ƙofa ake so ya jira ta mutu.

Kullum idan ya dawo daga aiki, tsakanin la'asar da faɗuwar rana, yana kan tabarma a gaban talabijin da tabarau a karan hanci. Harafin "tsaya" ya fara zama masa, sanda doguwa da gajeriya a tsaye kan layi guda. Sai na "hannu", layuka uku a kwance da ƙugiya ta ratsa su, wanda ke fitowa duk lokacin da ake gargaɗin fasinjoji su janye hannuwansu daga ƙofa. Sai "jira", sai "bayan", sai "fitila". Jimlar da ya fi gani ita ce wadda mai jarrabawa ke jefa masa duk sanda ya zarce farin layin: bayan an taka birki, jirgi yana ci gaba da tafiya. Ya zarce da mita arba'in, ya zarce da goma sha biyu, wata rana ya zarce tashar gaba ɗaya. Ya ga jimlar nan ta fi sau ɗari uku.

Akwai kuma wata ɗabi'a da wasan ya dage a kanta. Kafin direba ya taɓa komai, sai ya nuna abin da yatsa ya faɗi halin da yake ciki da ƙarfi: sigina kore, ƙofa a rufe, fitila ta mutu. Idan bai danna maɓallin nunin ba, maki ya zube. Ba a yi wata biyu ba Malama ta kama shi a kicin yana nuna kan tukunyar gas da yatsa yana magana shi kaɗai.

"Malam direba, tashar ina muka iso?"

"Dubawa nake in ga ko a rufe yake."

"Shekara talatin da ɗaya ina rufe shi ba tare da na yi masa jawabi ba."

Ta yi dariya, amma ta daɗe tana kallonsa. Ta san mijinta ba mai sha'awar jirgi ba ne. Ba ta tambaya ba. Irin matan nan ce da ke barin ruwa ya tafasa da kansa.

Saura mako uku 'yan gwangwan su zo, wata safiya ya riga kowa isa maɗaba'ar. Mai gadi ya buɗe masa yana mamaki. Ya kunna fitilun zauren, ya bi ta tsakanin tarin takardu, wannan karon bai zagaya ba. Allon ya yi baƙi da maiƙo, wani ma ya taɓa manna masa jadawalin aiki ya ɓare ya bar gam. Ya jiƙa tsumma da kananzir ya goge shi a hankali har rawayar ta fito. Sannan ya sa tabarau ya durƙusa.

Ya so a ce ya sha wuya. Bai sha ba. Haruffan suna nan kamar fuskokin maƙwabta: tsaya, bayan, ci gaba, fitila, hannu. Kalma ɗaya ce kawai bai sani ba a layin farko, ya kuma same ta a ƙamus cikin minti biyu. Sunan babbar ƙafar ƙarfen nan ce. Ya ɗora yatsa ya bi layukan uku ɗaya bayan ɗaya. Bayan an danna maɓallin tsayarwa, ƙafar tana ci gaba da juyawa. Wuƙa tana iya saukowa. Kada a sa hannu sai jar fitila ta mutu.

Ya ɗaga kai ya nemi fitilar. Tana nan a saman injin, ƙarama, ƙura ta rufe gilashinta. Bai taɓa ganin ta kama ba. Tun da injin ya zo ƙwan fitilar a mace yake, kuma babu wanda ya canza shi, domin babu wanda ya san amfaninta.

Ya yi aikinsa na ranar kamar kullum. Ya duba launin wata mujalla, ya yi wa wani faɗa a kan tawada, ya amsa gaisuwar Takwas. Da ya koma gida bai kunna talabijin ba. Ya zauna a bakin gado da takalmi a ƙafarsa, ya ba Malama labarin tun daga farko. Ta saurara ba ta katse shi ba, tana ninke wanki.

"To," ta ce da ya gama. "Ni kake gaya wa? Yatsuna goma ne cif."

"Mako uku ya rage a ɗauke injin. Mutumin nan ya haƙura tun tuni, yana raharsa. In na faɗa masa, tsohon ciwo kawai zan fama."

"Ciwon wa?"

Ya sunkuya ya fara cire takalminsa.

"Baban yara, na yi shekara talatin ina jin uzurin masu ƙin kawo aikin gida. Naka bai kai na 'yan aji uku ba. Wata biyar kana tuƙa jirgi a falona. In dai don ka karanta ka yi shiru ne, ai da ka bar mini talabijin ɗina."

Kwana biyu ya yi yana neman ƙwan da zai shiga fitilar, da ya samu ya ɗaura shi. A rana ta uku, lokacin hutun rana, zauren ya yi tsit, ya sami Takwas a bayan sashen ɗinki yana zaune kan damin takarda da kofin shayi da burodi.

"Bajapane! Zo ka zauna. An ce yanzu ka zama direba. Yaushe za ka kai mu Japan ɗin nan mu ga kakanninka?"

"Taso, akwai abin da zan nuna maka."

"In aiki ne, ina hutu. In abinci ne, ga ni."

Amma da ya dubi fuskarsa sai ya ajiye kofin ya biyo shi. Suka tsaya a gaban injin yankan. Bajapane ya nuna allon rawaya, wanda yanzu yake ƙyalli a jikin baƙin ƙarfe.

"Ka tuna ka taɓa tambayata abin da aka rubuta a nan?"

"Na tuna mana. Talla ce, in ji mai harshe."

"Ƙarya na yi maka. A lokacin ban iya karanta ko harafi ɗaya ba."

Takwas ya fashe da dariya har yana dafa injin.

"Haba, Bajapane! Wannan ne sirrin? Wallahi ko kyanwar sito ta san ba ka iya ba. Ranar da wani baƙo daga Japan ya zo duba injuna, ba a banɗaki ka wuni ba? Mun bar ka ne kawai, suna ya riga ya bi ka."

"Yanzu na iya kaɗan. Tsaya in karanta maka."

Ya ɗora yatsa a layin farko, ya karanta da Japanancinsa mai tuntuɓe, sannan ya faɗa da Hausa. Ya yi haka da na biyu, ya yi da na uku. Dariyar Takwas ta tsaya a wani wuri tsakanin layi na biyu da na uku.

Bajapane ya matsar da shi baya, ya kunna injin ba tare da takarda a ciki ba. Ƙafar ƙarfen ta ɗauki gudu, jar fitilar ta kama a karo na farko cikin shekara ashirin da biyu. Ya danna maɓallin tsayarwa. Ƙarar motar ta ɗauke, amma ƙafar tana juyawa, fitilar kuma tana ci. Takwas ya ɗaga hannuwansa biyu ya fara ƙirgawa, yana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ya kai takwas suka ƙare, ya koma farko ya ƙara uku. Sannan fitilar ta mutu.

"Sha ɗaya," in ji shi.

"Sha ɗaya."

Takwas ya daɗe yana kallon fitilar.

"Na danna maɓallin ranar nan," ya ce a hankali. "Na san na danna. Amma da kowa ya ce ganganci, sai na ce wataƙila ban danna da kyau ba. Ka san abin da nake gaya wa 'ya'yana idan suna gaggawa? In ɗaga musu hannun nan in ce ku ga abin da rawar kai ta jawo wa ubanku. Har jikata na gaya wa."

"Ba rawar kai ba ce. Ka yi abin da aka koya maka. Laifina ne; da na ce ban sani ba, da an nemo wanda ya sani."

"Kalma uku. Ban sani ba."

"Kalma uku."

"Yaushe ka karanta?"

"Ranar Litinin."

"Kafin nan fa?"

"Kafin nan ina zargi. Shi ya sa ban taɓa dubawa ba."

Takwas ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa lokacin tashin mota. Bajapane ya buɗe baki zai nemi gafara, sai Takwas ya ɗaga masa hannun, na daman.

"Dakata. Kada ka roƙe ni yau. In ka roƙa zan ce na yafe, don haka bakina ya saba, kuma ƙarya zan yi. Ɗaya ta ishe mu a wurin nan." Ya juya ya ciro wani farin kwali daga tarin da ke gefe, ya miƙa masa tare da alƙalamin da ke bayan kunnensa. "Injin nan yana da sauran kwana goma sha takwas, kuma akwai mai aiki a kansa. Rubuta da Hausa, manya-manya. Ka sa hannu a ƙasa, a san wanda ya fassara."

Bajapane ya ɗora kwalin a kan teburin injin ya rubuta layukan uku, ya sa hannu. Takwas ya karɓa ya karanta sau biyu, ya manna shi da kansa a ƙarƙashin allon rawaya, ya bi gefunan da babban yatsa har suka kwanta. Daga waje an fara jin muryoyin masu dawowa daga hutu.

"Abu ɗaya kuma," in ji shi, bai juyo ba. "Sunan nan. Kowa ya ci gaba da kira, ban damu ba. Ban da kai."

"Me zan ce maka?"

"Abin da kake ce mini kafin ranar."

Ya tafi ya ɗauki kofinsa, shayin ya riga ya huce, ya zubar a magudana.

Washegari da safe suka haɗu a bakin ƙofa, mai gadi yana tsakaninsu da rajistar sa hannu. Bajapane ya tsaya.

"Ina kwana, Mai Yanka."

Mai gadi ya ɗago kai yana neman wanda ake nufi. Mutumin ya gama sa hannu da yatsu ukun da suka rage a damansa, ya ajiye biro.

"Lafiya lau," ya ce, ya shige ciki.